Yadda ake yanka haƙorin kusa da na noti a gida

 

Yau zancenmu a kan ƙaramin abu yake. Ku ɗauko kusa irin wadda ake ɗaure garmar shanu da ita, wadda makanikai ke ce wa bulon. Ku dubi jikinta. Za ku ga wani layi ya nannaɗe ta kamar yadda igiya ke nannaɗe turke. Shi ne haƙori. Ku leƙa cikin noti, za ku ga irinsa a ciki. Na kusa shi ne namiji, na noti shi ne mace. In sun dace sai su riƙe juna gam. In kuwa haƙori ya cinye, garma ta tsaya, amalanke ya tsaya, injin ban ruwa ya tsaya. In na famfo ne, mata su koma tsohuwar rijiya da guga.

Mu nan Dogo-Dogo nesa muke da masu sayar da kayan gyara. In abu ya lalace sai a jira Alhamis a tafi kasuwar Maigatari, ko a ba direba saƙo zuwa Dungas, Magarya ko Damagaram, wani lokaci har Kano. Kun tuna sa'ad da Najeriya ta rufe iyakarta, daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. A lokacin kusa ɗaya tak tana iya zaunar da inji kwana da kwanaki, mai lambu yana kallo shukarsa na yaushi. Alhali kuwa sau da yawa ana iya yanka sabon haƙori a gida, da hannu, ba wuta ba lantarki.

Kayan aikin

Iri biyu ne. Na farko sunansa taro. Ba taron jama'a ba, ba kuma taron tsohon kuɗi ba, ɗan uwan sisi. Sunan daga Faransanci ya zo. Can ƙetaren iyaka ana ce masa taf. Shi ke yanka haƙori a cikin rami, wato shi ke yin mace. Kamarsa ɗaya da kusa, sai dai an tsaga jikinsa a tsaye sau uku ko huɗu. Gefen tsagin shi ne wuƙar, cikin tsagin kuma nan ɓarɓashin ƙarfe ke taruwa. Gindinsa mai kusurwa huɗu ne, don a kama shi da mariƙi mai hannu biyu.

Taro yakan zo uku-uku a cikin kwali. Ku dubi wuyansu. Mai zobe ɗaya shi ke fara aiki, mai zobe biyu ya bi bayansa, marar zobe ya ƙarasa. Wasu ba su da zobe ko ɗaya. To, sai ku dubi bakin. Wanda bakinsa ya fi siranta shi ne na fari, mai dakusasshen baki shi ne na ƙarshe.

Na biyu sunansa filiyar. Ita ke yanka haƙori a bayan sandan ƙarfe, wato ita ke yin namiji. Tana kama da tsohon kwabo mai huda, amma ta fi shi kauri sosai, kuma a cikin hudar akwai haƙora. Ita ma tana da nata mariƙi.

Sauran kayan duk kun san su: zarto, magagari, abin huda ƙarfe da bakunansa, matsi na kama ƙarfe a tebur, rula, da ɗan mai a gwangwani.

Ku karanta abin da aka rubuta

Nan ne zan daɗe, don nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. A wuyan kowane taro, da fuskar kowace filiyar, akwai rubutu ƙanana. Misali:

M8 x 1,25

Harafin M yana nufin awon milimeta ne. Lambar farko, 8, ita ce kaurin kusa: milimeta 8. Lamba ta biyu, 1,25, ita ce tazara daga kan haƙori ɗaya zuwa kan na kusa da shi. In kun juya noti zagaye ɗaya cif, ya matsa gaba milimeta ɗaya da kwata ke nan. Wani kamfani yakan sa waƙafi, 1,25, wani ya sa ɗigo, 1.25. Duk abu ɗaya ne.

Ku lura da wani ruɗu da ke cin mutane a kasuwa. Makaniki yakan ce, "Ba ni kusa lamba 13." Wannan 13 ɗin ba kaurin kusa ba ne, faɗin bakin sufana ne da ke kama kanta. Kusar da sufana 13 ke kamawa M8 ce. Wadda sufana 10 ke kamawa M6 ce. Sufana 17 ta M10 ce, 19 kuma ta M12. A jikin babur na Japan da masu kwaikwayonsa abin ya ɗan sauya: M8 kanta 12 ne, M10 kuma 14. Saboda haka in za ku sayi taro kada ku faɗi lambar sufana. Ku auna jikin kusar, ko ku tafi da ita a aljihu.

To, yanzu ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Kafin taro ya shiga, sai an huda rami. Wane baki za a huda da shi? In ramin ya kai kaurin kusa, taro ba zai sami abin yanka ba, kusa ta faɗa suɓul. In ramin ya yi ƙanƙanta, taro ya cije ya karye. Amsar ita ce: ku ɗebe lamba ta biyu daga ta farko.

M6 x 1: 6 a ɗebe 1, saura 5. Bakin huji na milimeta 5.
M8 x 1,25: saura 6,75. A kasuwa 6,8 ake samu.
M10 x 1,5: saura 8,5.
M12 x 1,75: saura 10,25. A kasuwa 10,2.

In ba ku sami daidai ba, gara ku ɗan haura da ku sauko. Ga M8, bakin 7 zai yi in ƙarfen yana da kauri. Bakin 6,5 ya matse, 6 kuwa kada ma ku gwada.

Ni na gwada, shi ya sa nake faɗi. Shekarar da na fara koyarwa a ajin manya, wani ɗalibina maƙeri ya kawo mini ƙarfen garmarsa, yana so a yi masa sabon ramin kusa M8. Ni malami ne mai takardar makaranta, na ji kunyar in ce bari in lissafa. Na ɗauki bakin 6 don shi ne a kusa. Zagaye uku taro ya yi, sai ƙas! Rabinsa a hannuna, rabi a cikin garma. Damina ta riga ta sauka, mutumin nan sai da ya yi kwana huɗu yana aron garmar surukinsa. Taron ma na aro ne, na biya. Har yau in muka gamu yakan ce, "Malam, takwas a ɗebe ɗaya da kwata, saura nawa?"

Ba kowane haƙori ne ɗan uwan wani ba

Da can kowace masana'anta a Turai da irin haƙorin da take yankawa. Notin wannan ba ya hawa kusar wancan. A 1841 wani Bature na Ingila mai suna Joseph Whitworth ya tsara awo ɗaya, a kan inci, ƙasarsa ta bi. A 1864 wani mutumin Amurka, William Sellers, ya fito da nasa, shi ma a kan inci, amma tsinin haƙorin ya bambanta. Faransa da maƙwabtanta suka bi milimeta. Daga baya, bayan an kafa ƙungiyar daidaita awo ta duniya a 1947, awon milimeta mai harafin M ya bazu ko'ina. Yau yawancin kayan da ke zo mana daga Sin, Indiya da Japan na milimeta ne.

Amma mu mutanen bakin iyaka ne. Nijar ta gaji milimeta daga Faransa, Najeriya ta gaji inci daga Ingila, kuma tsofaffin kaya ba su ƙare ba. Tsohon injin niƙa na Ingila, fedar keke, bututun ruwa, duk a kan inci suke. A gwangwanin mai gyara sai ka tarar da iri biyun a cakuɗe.

Mafi haɗari su ne M12 da kusar rabin inci. Inci ɗaya milimeta 25,4 ne, rabinsa 12,7. A ido kamar tagwaye suke. Notin rabin inci yakan hau kusa M12, ya yi zagaye biyu ko uku, sa'an nan ya cije. Mai gaggawa sai ya ɗauko sufana ya danna masa ƙarfi. Ya ga ya ɗauru, ya yi murna. Bai sani ba ya murƙushe haƙoran duka biyu, ranar da nauyi ya hau sai su saki. Ku riƙe wannan: noti na gaskiya da yatsa yake shiga. In ya tsaya tun da wuri, ba ƙarfi yake nema ba, ba gidansa ba ne.

Ko a cikin milimeta akwai mai manyan haƙora da mai ƙanana. Akwai M10 x 1,5, akwai kuma M10 x 1,25, wanda ya yi yawa a jikin babur da mota. Buji ma ƙananan haƙora gare shi: na ƙaramin babur sau da yawa 10 x 1 ne, na injin ban ruwa 14 x 1,25.

Yaya za ku gane tazarar in babu rubutu? Ku ɗora rula a jikin kusa. Ku sa sifiri a kan haƙori ɗaya, ku ƙirga tazara goma, ku ga inda kuka tsaya. In milimeta 10 ne, tazarar 1 ce. In 12 da rabi ne, 1,25. In 15 ne, 1,5. In 17 da rabi ne, 1,75. Wata dabarar: ku haɗa kusoshi biyu gefe da gefe, haƙori cikin haƙori, ku ɗaga su wajen rana. In haske bai ratsa tsakaninsu ba, iri ɗaya ne.

Fedar keke ta hagu kuma haƙorinta bahago ne, juyin baya take ɗauruwa. Taron dama ba ya gyara ta.

Yanka cikin rami

Ku fara gwada ƙarfen da magagari. In magagari ya ci shi, taro ma zai ci. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ƙarfen ya sha tauri, irin sifirin ɗin mota. Maƙera sun san maganinsa: a gasa shi ya yi ja, a binne cikin toka ya huce a hankali. Amma ku sani taurin nan ya tafi ke nan.

Ku kama ƙarfen da matsi kada ya motsa. Ku buga ɗigo da abu mai tsini a inda za ku huda, ku huda a miƙe. Ku ɗan share bakin ramin da babban bakin huji, don taro ya sami wurin zama.

Ku ɗaura taro na fari a mariƙi, ku ɗiga masa mai. Ku sa bakinsa a rami, ku danna kaɗan, ku juya dama. Bayan zagaye biyu ku tsaya ku duba: a miƙe yake? Ku tsayar da kwalin ashana a gefensa, ku duba ta gaba, ku sake dubawa ta gefe. In ya karkace, yanzu ne lokacin gyara. In ya yi zurfi a karkace, ba ya gyaruwa kuma.

Da zarar ya kama, ku daina dannawa. Shi zai ja kansa. Daga nan sai rabin zagaye gaba, kwata baya. Rabi gaba, kwata baya. A komawa bayan nan za ku ji wani ɗan ƙas-ƙas a hannunku, ɓarɓashin ne ke karyewa. In ba ku karya shi ba, sai ya cika tsagin ya shaƙe taro. Hannu biyu a kan mariƙi, ƙarfi daidai wa daida. Kada ku kama taro da sufana ta gefe ɗaya, don ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar kasko.

In kun ji ya yi nauyi, kada ku yi gardama da shi. Ku fito da shi, ku share, ku ƙara mai, ku koma. In na fari ya gama, na biyu ya shiga, sa'an nan na uku. In ramin bai fasa ta ƙasa ba, ku riƙa juya ƙarfen kuna zazzage ɓarɓashi, kuma ku ɗaura zare a jikin taro daidai zurfin ramin, don ku san inda za ku tsaya. Kada ku hura ramin da baki, ɓarɓashi zai koma muku ido. Kada ku share da yatsa.

Baƙin ƙarfe yana son mai. Sanholo, irin na murfin injin babur, kananzir yake so, kuma da taushi, a bi shi sannu. Ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi. Zurfin haƙori a baƙin ƙarfe ya kai kaurin kusar, a sanholo ya ninka biyu.

In tsohon rami ne haƙorinsa ya cinye sarai, taro mai lamba ɗaya da shi ba zai dawo da naman da ya tafi ba. Sai a haura mataki ɗaya. Ramin M6 a buɗa shi da bakin 6,8 a yanka M8, muddin akwai isasshen ƙarfe kewaye da shi.

Yanka bayan sanda: misalin famfo

Mu ɗauki famfon hannu irin na Indiya, wanda ake kira India Mark II. An ƙirƙiro shi a ƙasar Indiya wajen 1977 da taimakon UNICEF, kuma ya bazu a ƙauyukan Afirka. A cikin bututunsa akwai sanduna na ƙarfe masu kaurin milimeta 12, kowanne tsawon mita 3, an ɗaura su baki da baki da haƙori M12 x 1,75. Su ke jan ruwa daga ƙasa. Sandan sama kullum sai an yanke shi daidai tsawon da ake bukata, sa'an nan a yanka masa sabon haƙori a nan bakin rijiyar, don a ɗaura shi da sarƙar hannun famfo. Shi ya sa filiyar M12 take cikin akwatin kayan gyaran wannan famfo. In haƙorin nan ya fito a karkace ko ya yi sako-sako, wata rana sanda zai saɓule, hannun famfo ya riƙa tashi fayau babu ruwa, sai an sake kwance komai.

Da farko a kama sandan da maƙamarsa kada ya kufce ya faɗa ciki. A toshe bakin bututu da tsumma mai tsabta. Ruwan sha ne a ƙasa, ba ma son ɓarɓashi ko mai ya sauka. Don haka nan ni man gyaɗa nake sawa, ba baƙin man inji ba.

A yanke da zarto a miƙe. A ɗauki magagari a zagaye bakin sandan, a ɗan fiƙe shi kamar bakin fensir da aka fara feƙewa aka bari. In ba a yi haka ba filiyar ba za ta hau ba. Ku dubi filiyar: gefe ɗaya bakinta ya fi buɗewa. Wannan gefen ke fuskantar sanda. A ɗora ta a kwance sosai, a danna da tafin hannu, a juya dama. A nan ma zagaye biyun farko su ne duka aikin. A duba ta gaba, a duba ta gefe. Sa'an nan rabi gaba, kwata baya, da mai a kai a kai.

Ana son haƙori ya kai kamar santimeta 5. Santimeta 5 milimeta 50 ne. In kun raba 50 da 1,75 za ku sami kusan zagaye 29. Kun ga ba aikin minti biyu ba ne, ku gyara tsayuwa.

Wata filiyar a tsage take ta gefe ɗaya, mariƙinta yana da ƙananan kusoshi uku. Ta tsakiya tana buɗa ta, biyun gefe suna matse ta. Ku fara a buɗe, ku gwada noti. In ya matse, ku ɗan rufe ta ku sake bi. In an gama, a goge sandan tas kafin a cire tsumman.

Rodin gini mai ƙusoshi a jiki ba ya yin kusa mai kyau, ku nemi sanda mai santsi. Kaurinsa kada ya wuce lambar filiyar. In ma ya gaza da ɗan ƙyas, kamar 11,9 ga M12, ya fi daɗin yanka.

Inda ba a sa kusar gida

Ku dubi kan kusar kanti, za ku ga lamba kamar 4.6, ko 8.8, ko 10.9. Ƙarfinta ke nan, yadda lambar ta haura haka ƙarfin ya haura. Kuma a masana'anta ba yanka haƙorin ake yi ba, murza shi ake yi da inji, ya fi namu juriya. Kusar da kuka yi da sandan da kuka tsinta tana iya riƙe ƙofa, benci, garma ko jikin amalanke. Amma birki, da tayar mota, da wuyan babur, da duk inda ran mutum ya rataya, a sa ta kanti mai lamba irin wadda aka cire. In babu, a jira Alhamis.

In taro ya karye a ciki fa? Bakin huji ba ya cinsa, ya fi shi tauri. In guntun ya leƙo waje, a ɗiga kananzir a kama shi da filaya a juya baya a hankali. In ya nutse, mai walda yana iya liƙa masa noti a kai a kwance shi. In duk ya faskara, a bar shi a huda wani ramin a gefe.

Wajen saye, ku nemi mai haruffa HSS a jiki, shi ke jure yanka sabon haƙori. Na araha marar rubutu ya fi dacewa da share tsatsa daga tsohon haƙori. Ba sai kun sayi babban akwati ba. M6, M8, M10 da M12, da bakunan hujinsu, sun ɗauke yawancin aikin ƙauye, kuma mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya. Bayan aiki a goge, a shafa mai, a naɗe kowanne dabam a tsumma. In suna gugar juna a gwangwani ɗaya da sauran ƙarafa, kaifinsu zai tafi.

Ga aikin da za ku kai aji. Kowa ya zo da kusa ɗaya daga gida, da rula in yana da ita. Ku auna kaurinta, ku ƙirga tazara goma, ku rubuta sunanta a allo da harafin M. Sa'an nan ku lissafa mini waɗannan biyu a littafinku: M5 x 0,8 da M14 x 2, wane bakin huji kowanne yake so? Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba amsa tare, mu kuma taɓa haƙorin bututun ruwa, wanda ake sayarwa da suna 15/21 da 20/27.